Takardar Koke Kan Iyakar Seleniyam a Ruwan Tafkinmu

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,

Allah ya ja zamanin Sarki. Mu masunta da mazauna bakin tafki muke kawo kukanmu, bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya.

Tun da ruwan wurin haƙar kwal ya fara gangarowa cikin tafkin nan, muke ganin 'ya'yan kifi masu karkataccen gadon baya da nakasasshen baki. Manyan kuwa lafiyarsu ƙalau a ido, shi ya sa aka daɗe ba a farga ba. Da muka yi ƙorafi, masu haƙar suka ce an gwada ruwan, seleniyam ɗin da ke ciki, wato wani sinadari da ruwan kwal ke ɗauke da shi wanda ke zama guba idan ya yi yawa, bai kai iyakar ruwan sha ba.

Ranka ya daɗe, a nan gizo ke saƙar. Iyakar ruwan sha ta Hukumar Lafiya ta Duniya maikirogiram 40 ce a kowace lita (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), kuma don ɗan Adam aka sa ta. Kifi ba ta hanyar shan ruwa ya fi kwasar sinadarin ba, ta abinci ne. Gansakuka ta tsotse shi, ƙwarin ruwa su ci gansakuka, kifi ya ci ƙwari, uwa kuma ta zuba abin da ta tara cikin ƙwanta. Sai ƙwai ya ƙyanƙyashe nakasasshe, ko ya mutu. Ruwan da mutum zai sha bai ji komai ba yana iya ƙarar da zuriyar kifi a hankali.

An ga haka a tafkin Belews na jihar Karolina ta Arewa a Amurka, inda ruwan tokar kwal na tashar lantarki ya hallaka mafi yawan nau'o'in kifi a shekarun 1970. A 2016 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta sabunta ma'auninta: miligiram 15.1 a kowane kilo na busasshen ƙwan kifi, 8.5 a jikin kifi gaba ɗaya, sannan a ruwa maikirogiram 3.1 a lita ga ruwa mai gudu, 1.5 kacal ga ruwa kwantacce. Namu kwantacce ne, kuma a irinsa sinadarin ya fi taruwa a laka.

Roƙonmu shi ne Mai Martaba ya sa baki hukumar muhalli ta gwada ƙwai da jikin kifin tafkin lokacin da yake ɗauke da ƙwai, a daina tsayawa kan kwalbar ruwa kawai. Masu gwajin kada su zama na masu haƙar, a kuma karanta mana sakamakon a gaban Sarki. Idan ya wuce waɗannan iyakoki, a tsayar da zubar ruwan har sai an tace shi. Muna gaggawa ne domin ko yau aka toshe magudanar, abin da ya kwanta a laka zai yi shekaru yana shiga cikin kifi.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.

Talakawan Mai Martaba,
Masunta da mazauna bakin tafki