Rahoton Shekara: Aikin Allon Katako Irin Na Masu Zanen Holan

Assalamu alaikum ƴan uwa membobi, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Kamar yadda muka tsayar a taron bara, bana kan abu ɗaya muka tsaya, wato yadda kafintocin ƙarni na 17 suke haɗa allon da masu zane irinsu Rembrandt ke aiki a kai lokacin yana garin Leiden na ƙasar Holan.

Ziyara mun yi. A gidan adana zane-zane na Mauritshuis da ke Hague mun ga zanen ɗan tsuntsu da Carel Fabritius ya yi a 1654, a kan katako yake, tsayinsa bai kai santimita 35 ba. A Zaanse Schans kuma, kusa da Amsterdam, mun shiga injin yankan katako mai aiki da iska, irin wanda Cornelis Corneliszoon ya fara a 1594.

Amma gaskiya a wurin aiki muka fi ƙaruwa. Itacen oak ɗin da kafintocin wancan zamanin suke amfani da shi yawanci daga yankin Baltik yake zuwa ta tashar jiragen ruwa ta Gdansk da ke Poland, kuma tsaga gungumen ake yi daga tsakiya zuwa ɓawo, shi ya sa baya kantarewa sosai in danshi ya canza. Mun gwada duka biyun, tsagagge da kuma katakon zarto na shago, muka jingine su a ɗaki ɗaya, wallahi da aka kunna hita lokacin sanyi na shagon ya lanƙwashe har kana iya zura yatsa a ƙarƙashinsa, tsagaggen kuwa ko gezau. Don haka masu cewa mu riƙa sayen na shago saboda araha ku yi haƙuri, maganar ta mutu.

Sauran aikin duk haƙuri ne. A cire farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo don shi ƙwaro ke ci, a daidaita bakin katakan biyu har haske baya ratsawa, a manne da gam ɗin fata mai ɗumi (warinsa kam sai wanda ya ji), a fere gefunan baya don ya shiga firam, sannan a shafa alli da gam a goge. Su shekaru suke barin icen ya bushe, mu namu busasshe muka saya.

Tambarin da wasu suka nemi mu riƙa bugawa a bayan allo, wannan dokar birnin Antwerp ce (a Belgium ta yau) ta 1617, kafinta ya sa alamarsa, in ƙungiyar masu sana'ar ta duba ingancin sai a ƙona hoton hannuwa da ganuwar garin. Kwamiti ya yarda mu yi namu amma na sunan mai aikin kawai.

Baɗi insha Allahu za mu shiga gyaran tsaga da tsofaffin alluna. Ma'aji ya ce a tuna wa waɗanda ba su cika kuɗin wata ba, don da shi za a sayo gungume kafin bazara.

Sakatare