Tsawon karan hatsi ba a kwalba yake ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana da ƴan'uwana manoma, domin duk damina sai na ga matasa a nan Maraɗi suna sayen "maganin girma" a kwalba marar takarda, su fesa wa hatsi. Abin yana damuna, kuɗin taki ne ke tafiya.

Hatsi da dawa da masara da shinkafa duk dangin ciyawa ne, kuma Allah Ya hore musu haɗa nasu sinadarin girma a cikin jikinsu. Wani daga ciki ɗan gidan sitirod ne, mai kama da wanda ke jikin mutum da dabba. A 1979 masana a Amurka suka fara tace shi daga bununin furen kolza, wani tsiro da ake tatsar mai daga ƙwayarsa, suka sa masa suna brasinolid. Kilo 40 na bununi ya ba su miligiram 4 kacal. Ku dubi ƙanƙantarsa! Tsiro na ƙera shi ne daga wani maiƙo mai suna kampesterol, mataki bayan mataki. A shinkafa aikin yana tsayawa a kan wani ɗan'uwansa mai suna kastasteron, wanda aka gano a Japan a 1982, bai kai ga brasinolid ba, kuma hakan ya ishe ta. Shi ke sa gaɓar kara ta miƙe, shi ke sa ganye ya kwanto ko ya tsaya cak.

Idan iri ya gaji raunin wannan sinadari, ko raunin jin saƙonsa, sai ya fito gajere. Haka sha'irin "uzu" na Japan yake. Gajeriyar dawar da injin ke girbewa a Amurka ma, ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon da suka rage mata tsawo, Dw1, a wannan hanya yake aiki. Ke nan tsawo daga iri yake farawa, ruwa da taki su cika.

Su can gajere suke so, don iska ba ta kwantar da shi, kuma ganye tsayayye na bari a shuka kurkusa. Mu fa? Kara a wurinmu dukiya ne. Da shi muke danga da rumfa, shi muke tarawa mu ba bisashe a watan Afrilu da Mayu lokacin da ƙasa ta zama fayau. Na ga shekarun da damin kara ya fitar da magidanci kunya.

Don haka ina kira ga masu binciken iri na INRAN da ke Tarna da malaman Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo: in za a taɓa tsawon hatsi ko dawa, a zauna da manoma da makiyaya tukuna, a tambaye mu kara nawa za mu iya rasawa. A kuma shiga rediyo a bayyana wannan ilimi da Hausa kafin ruwan shuka ya sauka.

Naku,
Wani malamin makaranta mai noma,
Maraɗi