Kafin ku biya kuɗin hutun jirgin ruwa, ku yi lissafi daga ƙofar gida

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini don in ja hankalin magidanta kan wani talla da ya cika Facebook da Instagram a 'yan shekarun nan, wato hutun iyali a manyan jiragen ruwa na shaƙatawa. Za ka ga hoton jirgi mai bene goma sha biyar, da wurin iyo na yara, a ƙasa an rubuta kwana bakwai a kan 'yan ɗaruruwan Yuro, har da cewa yara kyauta. Tallan ba ƙarya ba ne, amma bai faɗi rabin magana ba. Mu da ke harkar tafiye-tafiye mun san cewa mai matsakaicin ƙarfi zai iya kai iyalinsa irin wannan hutu idan ya tara kuɗi ya bi abin daki-daki. Wanda ya fara da biyan kuɗin jirgin kuwa, shi ne yake asara.

Abu na farko, babu irin waɗannan jirage da ke tashi daga Legas ko Kwatano a kai a kai. Dole sai an hau jirgin sama an je inda suke. Daga cikin wuraren da suka fi kusa da mu akwai huɗu: Bahar Rum, inda ake tashi daga Basalona, Jenowa, Marsai ko Cibitabekiya da ke kusa da birnin Rum, Tekun Fasha, inda ake tashi daga Dubai, Abu Dabi ko Doha daga wajen Disamba zuwa Maris, Bahar Maliya daga Jidda, sai Durban a Afirka ta Kudu, inda ake yin gajerun tafiye-tafiye na kwana uku ko huɗu zuwa gaɓar Mozambik daga Nuwamba zuwa wajen Maris. Ga miji da mata da yara biyu, tikitin jirgin sama daga Kano ko Abuja yakan fi kuɗin jirgin ruwan kansa. Don haka mai neman sauƙi ya fara duba kuɗin jirgin sama zuwa waɗannan garuruwa, inda ya fi araha shi zai zaɓar masa teku.

Sai biza, wadda ita ce ke karya yawancin mutanenmu. Jirgin ruwa na tsayawa a ƙasashe da dama, kuma kamfanin ba ya ɗaukar nauyin bizar kowa. Idan takardunka ba su cika ba, a bakin tashar za a mayar da kai, ko sisi ba za a dawo maka da shi ba. Hujjar cewa “ai ba zan sauka a wannan ƙasar ba, zan zauna cikin jirgi” sau da yawa ba ta karɓuwa. Bizar Shengen, wato biza ɗaya da ake shiga ƙasashen Turai da dama da ita, tun Yunin 2024 Yuro 90 ce ga babba, 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ƙasa da shekara 6 kyauta, ban da kuɗin ofishin da ke karɓar takardu, kuma sai da inshorar lafiya ta akalla Yuro 30,000. Inda ake tafka kuskure shi ne a nan: idan jirgin zai tashi daga Italiya, ya tsaya a Tunis, ya dawo Spain, to ka fita daga yankin Shengen ka sake shiga. Bizar shiga sau ɗaya ta mutu tun ranar da jirgin ya nufi Tunis. Haka yake ga jirgin da ya bar Dubai ya je Doha ko Maskat ya dawo, haka ga wanda ya bar Durban ya taɓa Mozambik. Ko dai ka nemi bizar shiga sau da yawa, ko ka zaɓi tafiyar da duk tashoshinta ke cikin yanki ɗaya, kamar Italiya, Faransa, Spain da Malta. Ga mai fasfon Najeriya ko Nijar, wannan na biyun ya fi kwanciyar hankali.

Fasfon kowa, har jariri, ya kasance da sauran wata shida bayan ranar dawowa. A tafi da katin rigakafin cutar shawara da takardar haihuwar yara. Idan uwa ce kaɗai za ta tafi da yara, ko kawu ko goggo, a riƙe takardar amincewar iyaye mai hatimin kotu ko lauya.

Tsarin biya shi ne a ba da kafin alƙalami, sannan a cika sauran kwana 60 zuwa 90 kafin tafiya, gwargwadon kamfani. Daga ranar cikawa, tarar fasa tafiya tana hawa mataki-mataki har ta cinye kuɗin duka a kwanakin ƙarshe. Shawarata ita ce a kama wuri da kafin alƙalami tun da wata shida ko fiye, a karɓi takardar shaidar kama wuri a kai ofishin biza, kada a cika sauran kuɗin sai fasfo ya dawo da biza a ciki. A tambaya a rubuce ko kafin alƙalamin ana mayarwa, domin farashi mafi araha galibi shi ne wanda ba a mayarwa.

Lokaci ma kuɗi ne. Dogon hutun makarantunmu na Yuli da Agusta ya yi daidai da lokacin da Turawa ke hutu, farashin Bahar Rum a sama yake. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara ma yakan yi tsada sosai. Hutun Afrilu, ko Oktoba da Nuwamba, su ne masu sauƙi, kuɗin ɗaki ɗaya a jirgi ɗaya kan sauko sosai. Kamfanoni kuma sun saba yin rangwame daga Janairu zuwa Maris ga masu kama wuri tun da wuri.

Batun “yara kyauta” yana da sharaɗi. Sai yaran sun kwana ɗaki ɗaya da manya biyu da suka biya cikakken kuɗi, kuma a wasu ranaku ne kawai. Ko a hakan za a biya wa kowane yaro harajin tashoshi. Sannan yawancin ɗakuna mutum huɗu suke ɗauka, gado biyu a ƙasa, biyu ana sauko da su daga bango ko silin. Jariri ma ana ƙirga shi mutum guda, saboda ƙidayar tana bin gurbin jiragen ceto ne. Gidan da ke da yara huɗu ko biyar, kamar yadda gidajenmu da yawa suke, zai buƙaci ɗaki biyu, kuma kamfani zai so a rubuta babba ɗaya a kowane ɗaki. Nan garaɓasar yara kan rushe, domin ana cajin mutum biyun farko na kowane ɗaki kuɗin babba ko da ɗayansu yaro ne. A nemi ɗakunan da ke da ƙofa a tsakaninsu tun da wuri, ba su da yawa.

Ɗaki mafi araha shi ne na ciki marar taga. Bai da faɗi, amma kwana kawai ake yi a ciki, abinci da wurin wasa da wurin iyo duk ɗaya ne da na mai baranda. Ga mai ƙananan yara masu hawe-hawe, rashin barandar ma kwanciyar hankali ne. A zaɓi tsakiyar jirgi a benen ƙasa-ƙasa, nan ne tangaɗi ya fi ƙanƙanta ga mai saurin hajijiya da tashin zuciya. A guji ɗakin da ke ƙarƙashin wurin iyo ko saman zauren kaɗe-kaɗe, don yara ba za su yi barci ba. Akwai wani farashi mai rahusa da kamfani ke zaɓa maka ɗaki da kansa. Ga mai ɗaki ɗaya babu laifi, amma mai ɗaki biyu zai iya tarar da yaransa a wani bene daban.

Yanzu ga kuɗaɗen da talla ba ya nunawa. Akwai kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗora wa kowane mutum kowane dare. A jiragen Turai ya kai wajen Yuro 12 ga babba, rabin haka ga yaro. A na Amurka ya fi haka, kuma ba sa rage wa yara. Manya biyu da yara biyu a dare bakwai, Yuro 36 sau bakwai, ya kama Yuro 252 kafin a sha ko lemo ɗaya. A tambaya ko an haɗa shi cikin farashi. Lemon kwalba, ruwan gora da kofi mai kyau duk saye ake yi, da ƙarin kashi 15 zuwa 18 cikin ɗari a kan kowane kofi. Za a yi ta tallata muku biyan kuɗin abin sha na mako gaba ɗaya, amma ƙa'idarsa duk 'yan ɗaki sai sun saya, kuma an tsara ribarsa ne don masu shan giya. Ga iyalin da ba sa sha, asara ce. A zauren ɗebi-da-kanka akwai ruwa, shayi da kofi kyauta. Kowa ya tafi da gorarsa ya riƙa cikawa. Wanki kuɗi ne a kan kowace riga, don haka a ɗauki ɗan sabulu, banɗaki yana da igiyar shanya. Masu ɗaukar hoto za su bi ku ko'ina, ba dole ba ne a saya.

Waya na iya jawo bashi mai nauyi. Da jirgi ya yi nisa da gaɓa, layi yakan koma kan na'urar tauraron ɗan'adam ta jirgin, mai tsadar gaske, kuma wayar yaro na iya sauke bidiyo cikin dare babu wanda ya sani. A sa kowace waya a yanayin jirgin sama tun kafin a tashi, a jira a sauka gari a yi amfani da intanet ɗin can.

A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Kowa ana ba shi kati wanda shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar shiga da fita, shi ne kuma abin saye. Ana haɗa shi da katin banki, a riƙe wani adadi a matsayin jingina, ko a ajiye tsabar Yuro ko Dala a ranar farko. Katin Naira yakan ƙi aiki ko iyakarsa ta cika, don haka a tafi da katin asusun Dala ko tsaba. A je teburin baƙi a rufe saye a katin yara, in ba haka ba ɗakin wasan kwamfuta zai cinye guzurin cikin kwana biyu. A riƙa duba lissafin kullum a talabijin ɗin ɗaki.

Yawon gari da kamfani ke shiryawa yakan kai Yuro 50 zuwa 100 kan mutum ɗaya. A wurare da yawa ba a buƙatarsa. Daga Cibitabekiya zuwa Rum kimanin kilomita 80 ne, jirgin ƙasa na talakawa awa ɗaya da 'yan mintuna, a kan 'yan Yuro kaɗan. A Baleta ta Malta da Jenowa da ƙafa ake shiga gari. A Maskat kasuwar Mutrah na daf da tashar, Masallacin Sheikh Zayed na Abu Dabi kuma shigarsa kyauta ce. Haɗarin fita da kanka ɗaya ne: jirgi ba ya jiran wanda ya makara, sai wanda ya fita da motar kamfani. Ana rufe ƙofa galibi rabin awa kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki, wanda wani lokaci yakan saɓa da na garin. A yi niyyar dawowa da saura awa biyu. A ci abinci a jirgi kafin a fita, tunda an riga an biya shi. Haka nan ranar tafiya, kada a sauka daga jirgin sama a ranar da jirgin ruwa zai tashi. Jinkirin awa uku a Addis Ababa ko Alƙahira ya isa ya salwantar da kuɗin hutun duka. Kwana ɗaya a ƙaramin otel ya fi wannan sauƙi.

Ina kira ga iyaye mata musamman kan kaya. Kaskon turaren wuta, gawayi, bona ta lantarki, dutsen guga, butar lantarki da kyandir duk haramun ne a jirgi saboda gobara, za a ƙwace su a wurin bincike. Humra da turaren fesawa babu matsala. Kilishi da dambun nama ba a shiga da su ƙasashen Tarayyar Turai. Mai juna biyu da za ta kai mako 24 kafin a gama tafiyar ba za a bar ta ta hau ba, jariri kuma sai ya cika wata shida a yawancin kamfanoni. Yaron da ke sa famfas ba a barinsa cikin wurin iyo. Asibitin jirgi na kuɗi ne, kuma da tsada, saboda haka inshorar ta ambaci tafiyar ruwa a fili, a kuma tafi da maganin zazzaɓi, na gudawa da na hajijiya, da duk wanda likita ya ɗora mutum a kai, cikin kwalinsa na asali. Atisayen ceto da ake yi kafin jirgi ya tashi wajibi ne ga kowa, an ƙara tsaurara shi bayan hatsarin jirgin Costa Concordia a Janairun 2012 da ya ci rayuka 32. A kai yara su ga wurin taruwarsu da idonsu.

Game da abinci, a sanar da kamfani buƙatar halal a rubuce tun lokacin kama wuri. Ba kowane jirgi ke iya samarwa ba, amma kifi, ƙwai, shinkafa, taliya da ganye ba sa yankewa. A riƙa tambayar ko an sa giya ko naman alade a miya. Alƙibla tana sauyawa da tafiyar jirgi, ƙarfensa kuma yana rikita kamfas ɗin waya, sai a duba tashar talabijin da ke nuna inda jirgin ya fuskanta. Wanda wannan duka ya dame shi ya duba jirgin AROYA na Saudiyya da ya fara aiki daga Jidda a Disambar 2024, ba giya ba caca a cikinsa. Sai dai a tuna cewa tun ƙarshen 2023 kamfanoni da dama sun sauya hanyoyinsu a Bahar Maliya saboda tsaro, kuma yarjejeniyar tikiti ta ba kowane kamfani damar canza tasha ba tare da biyan diyya ba.

Wanda zai saya ta hannun wakili, ya nemi lambar kama wuri ta kamfanin jirgin kansa, ya shiga shafin kamfanin ya ga sunayen iyalinsa an rubuta su harafi da harafi kamar yadda suke a fasfo, kafin ya cika kuɗi.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Daga wani ma'aikacin harkar tafiye-tafiye,
Kano.