Sinawa sun wanke ƙasa sun ga hatsin kakanninsu, mu namu muna zubarwa

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki. Don Allah a ba ni ɗan wuri, akwai abin da ke ci mani rai tun bara.

Bara da rani ina tsaye wajen masu yin tubali can gangaren Gulbi, ɗaya daga cikinsu ya sara ƙasa sai ga bakin tukunya, tsohuwa, da ɗan zane a wuyanta. Nan take yara suka taru ana cewa zinariya ce. Aka fasa ta, babu komi ciki sai baƙar ƙasa mai kamar toka da ƴan ƙwayoyi baƙaƙe, mai tubalin ya yi tsaki ya kwashe da shebur ya zuba cikin kwaɓi. Ni ma da bakina na ce wahalar banza. Wallahi har yau in na tuna sai in ji ba daɗi, don daga baya ɗan ƙanena da ke karatun noma a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ya nuna mani abin da Sinawa suke yi da irin wannan baƙar ƙasa, na yi ta karantawa a salula har dare ya raba.

Dabarar ba wata mai tsada ba ce fa. Ƙasar tsohon murhu ko ta tsohon rumbu suke ɗiba su zuba cikin ruwa su motsa, yashi ya nutse, ƙwayar da ta ƙone ta zama gawayi ta taso sama, su tace da rariya mai ƙananan ido. Kusan yadda mata ke rege tsaba ne. Hatsin da wuta ta ci ba ya ruɓewa, gara ma ba ta cin shi, sai ya yi shekara dubbai a kwance. Da haka a wani wuri da ake kira Xinglonggou a arewacin Sin aka tace ƙwayar gero sama da 1,000 mai wajen shekara 8,000. A Cishan kuma, lardin Hebei, ramukan ajiya suka tarar da yawa da ragowar gero a ciki, rumbu ne dai amma na cikin ƙasa. Ni da na ɗauka Basine shinkafa kawai ya sani, ashe mutanen arewacinsu da gero suka tashi kamar mu, har karnukansu da aladunsu gero suke ci, ƙasusuwan da aka gwada a Dadiwan suka nuna haka. Alkama baƙuwa ce gare su, daga yamma ta shigo wajen shekara 4,000 zuwa 4,500 da suka wuce. Sai dai geronsu iri biyu ne kuma ba irin namu ba ne, ƙwayar ƙanana ce, ɗaya yana nuna da wuri kuma ba ya son ruwa da yawa. A Lajia ma an tarar da kwano a kife da taliya a ciki mai shekara 4,000, girgizar ƙasa da ambaliya suka binne garin.

Amma inda na fi tsayawa shi ne zancen shinkafa a kudu, wajen kogin Yangtse. Kowane manomi a Maradi ya san shibra, tana fitowa cikin hatsi kamar ƴar gida, ka zo girbi ka tarar ta kakkaɓe ƙwayarta ƙasa ta bar ka da kara. To shinkafar daji ma haka take, da ta nuna sai ta zube. A Tianluoshan masu bincike suka zauna suna duba ɗan gindin da ƙwaya ke manne da zangarniya, ɗaya bayan ɗaya a madubin ƙara girma, wadda ta zube da kanta gindinta sumul yake, wadda aka sussuka da ƙarfi kuma tana da tabo. Suka ga tsakanin shekara 6,900 da 6,600 da suka wuce mai tabon ta tashi daga kashi 27 zuwa 39 cikin ɗari. Shekara ɗari uku ke nan don wannan ɗan ci gaba! Kuma a lokacin mutanen suna ta haɗawa da ƴaƴan itacen daji don shinkafar ba ta isa. Sai na tuna tsohona, Allah Ya jiƙan shi, yadda yake zaga gona kafin girbi yana zaɓen zangarniyar zongo, wani irin hatsi na gargajiya, masu tsawo da cika, ya ɗaure daban ya rataye, ko yunwa ta kai ina ba a taɓa wannan damin, ko a 2005 da tiya ta gagari mutane bai bari an surfe shi ba. Ashe aikin da ya maida ciyawa abinci ke nan, hannu bayan hannu.

To mu ina namu labarin? Hatsinmu na hura da tuwo ɗan Sahel ne, a kwarin Tilemsi na Mali an samu shatar ƙaiƙayinsa a jikin tsofaffin tukwane masu wajen shekara 4,500, daga nan ya bi hanya har Indiya. A shekarar 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar sukutum don gero da danginsa, mu da muke kwana mu tashi da shi ba mu ji wani motsi ba a ƙauyukanmu. Tsohon Maradi da ruwan 1945 ya ci har aka tashi aka hau tudu, da kufai da ke zube wajen Tibiri da Madarunfa da Tasawa, duk akwai murhu da rumbu a ƙarƙashinsu. Abin da ya samu kayan tarihin da aka tono a Bura a yammacin ƙasar nan ta Nijar kowa ya ji, aka yi ta haƙa ana sayar da tukwane da mutum-mutumi waje, ƙasar da ke ciki kuwa wa ya kula ta.

Roƙona ga malaman jami'armu da ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, na Tarna, a haɗa ƴan makaranta da bokiti da rariya a gwada ko da wuri ɗaya ne. Masu gari su ma a sanar da su, a faɗa a rediyo da Hausa cewa wanda ya tono tsohuwar tukunya kada ya fasa kada ya zubar da ƙasar ciki, ya rufe ya kai labari. Sannan a bi tsofaffi a karɓi irin zongo da sauran na gargajiya a rubuta sunansu da garinsu, don a gidanmu tunda tsoho ya rasu ƙannena irin kasuwa suke saye. Ramin tubalin nan yana nan har yanzu, kuma mai shi ya ce mani ba wannan ce tukunya ta farko da ya fasa ba. Duk wanda zai zo dubawa ni zan kai shi da babur ɗina.

Naku mai karatu kullum,
daga unguwar Zariya, Maradi