Wasiƙa daga Jidda gabanin Babbar Sallah

Jidda, Laraba 1 ga Zulhajji 1441, 22 ga Yuli 2020

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kamar yadda nake a nan. A gaida Inna, a ce mata ina neman albarka. Ina gaida Anti da yara, da Goggo, da Maman Abba, da Auta.

Saƙo ya tafi jiya ta hannun mutuminmu ɗan canji na Wapa. Riyal 1,500 ne, mun yi da shi zai ba ka naira 183,000 cif. Ka ƙirga a gabansa, in ya gaza ko da ɗari biyar ce kada ka yi jayayya da shi, ka kira ni kawai. Na san bai kai na bara ba, kuma na san tun da aka rufe makarantu a watan Maris saboda cutar korona ba a biya ka albashi ba, nauyin gidan duk a kanka yake. Abin da ya samu ke nan. Aiki ya ragu, kuma tun 1 ga Yuli harajin sayen kaya a nan ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari, komai ya ƙara kuɗi. Amma ina ci ina sha, iƙamata, wato takardar izinin zama, da saura, an ɗage dokar hana fita tun 21 ga Yuni. Kada Inna ta sa damuwata a ranta.

Kafin komai a cire 20,000 na maganin Inna, na hawan jini da na suga, a saya na wata uku a ajiye, a duba kwanan watan lalacewa a jikin kwalin. Wannan kuɗin ba a rance a cikinsa. Goggo a kai mata 15,000 a hannunta, kai da kanka, ba aike ba, tunda ba ta fita daga takaba ba. Maman Abba 18,000, ita ta san abin da yara ke buƙata, in ɗinkin ƙaramar Sallah bai matse su ba su maimaita shi. Mai kanti a rage masa 10,000. Hatsi da shinkafa 45,000, man gyaɗa da itace da kayan ƙamshi da ladan mahauci 15,000. Sauran 60,000 na rago ne, kuma kada ya wuce haka.

Yanzu maganar da ta hana ni barci. An ce min Kawu yana ba da shawara a je hukumar alhazai a karɓo kuɗin kujerar Inna, tunda bana babu tafiya, a sayi sa a yi layyar fita kunya, sauran a zuba a hidimar auren Auta. Yaya, don girman Allah kada a taɓa kuɗin nan. Hukuma ta ba da zaɓi, mai so a mayar masa, mai so ya bari zuwa baɗi. Mu bari muke so. Kuɗin da ya shigo gida ana jajibirin Sallah ba ya ganin Muharram, kai ma ka sani, kuma yadda naira ke sauka ban ga alamar kujera za ta yi sauƙi ba. Ba raina Kawu na yi ba, ka faɗa masa da ladabi, ka ce ni na roƙa. Rasit ɗin ya zauna a akwatin Inna inda yake.

In Inna tana jin an hana ta wani abu ne ita kaɗai, ka yi mata bayani. Tun 22 ga Yuni aka sanar cewa Hajjin bana na waɗanda ke zaune a cikin ƙasar ne kawai, su ma 'yan kaɗan, washegari aka ƙara da cewa ban da wanda ya haura shekara 65, ban da mai ciwo irin nata. Mu da ke Jidda, tafiyar sa'a guda zuwa Makka, a talabijin za mu kalli Arfa kamar ku. Wanda aka kama zai shiga Mina ko Arfa ba izini tarar riyal 10,000 ce. Niyyarta tana nan a rubuce wajen Allah.

Maganar rago, ba koya maka nake ba, amma ni ne nake bin Baba kara, Allah ya jiƙansa. Jibi Juma'a kasuwar Wudil ke ci, ita ce ta ƙarshe kafin Sallah. Ka yi sammako, ka tafi da Auta kaɗai, ku sa takunkumi. Tunda iyaka a rufe take tun bara, kada ka sa ran arhar ragunan Nijar. Ka manta da balami da uda, ɗan ƙasa matsakaici ya ishe mu. Ka buɗe bakinsa, in ka ga manyan haƙora biyu masu faɗi a gaba ta ƙasa, ya cika shekara, babu shakka a layyarsa. Ka ja fatar idonsa ta ƙasa, in fari fat ne babu jini, tsutsar ciki ta cinye shi, ka bar shi. Ka duba hanci ko da majina, ka ɗaga wutsiya ko da alamar zawo, don da damina waɗannan biyun ke kashe rago kwana biyu bayan an kawo shi gida. Girman ciki kada ya ruɗe ka, akwai masu ba shi kanwa ya yi ta shan ruwa ya kumbura. Ƙashin baya da gindin wutsiya za ka dafa, nan ake jin nama. Ka sa a ja shi ya yi tafiya ka ga ko yana ɗingishi. Mai ido ɗaya, gurgu, marar lafiya da ramamme ba sa layya ko an ba ka kyauta.

In an kawo shi a ɗaure shi a rumfa inda ba ya jiƙa. Harawa da ƙaiƙayin wake da dusa kaɗan, ruwa mai tsabta. A hana yara tura masa tsaba ko ragowar tuwo da yawa, shi ke kawo kumburin ciki. Kada kowa ya yi masa allura a makon nan, maganin yana zama a nama.

Jiya da dare na saurari muryoyin da Anti ta turo ta WhatsApp, yara suna rige-rigen gaishe ni, ana jin Inna daga ɗaki tana cewa a yi a hankali da wayar. Yaya, mu gode wa Allah. Ka tuna watan Afrilu a Kano, da safe a ce wane ya rasu, kafin la'asar a ce wane, yawanci dattawa, sa'o'in Inna, asibitoci ba sa karɓar mutane. Mijin Goggo ya tafi a cikinsu, Allah ya gafarta masa. Amma ga Inna da ciwo biyu a jikinta tana zaune tana ba da umarni, kai lafiya, yara ba wanda ya kwanta. Kuma abin da muka yi shekaru muna faɗa a kai bai yiwu ba, zaman kulle ya yi shi: an ce yanzu tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidan, Anti da Maman Abba suna karɓa-karɓar girki, Auta ya daina kwanan shago yana yi wa yara tilawa bayan magariba, Abba har ya kai izu biyu. Wannan ya fi min layyar sa. Ni da ya kamata in kama maka a lokacin nan ina nesa, kai ka ɗauki gawa, kai ka nemo abinci ranar da aka buɗe gari. Allah ya saka maka, ban da bakin gode maka.

To amma cutar ba ta tafi ba don an buɗe gari. Inna ba za ta je Idi ba, ba za ta je gaisuwar Sallah gidan kowa ba. Masu zuwa gaishe ta su tsaya daga tsakar gida, ita tana bakin ƙofarta, ba musabaha, ba ɗora mata jikokin maƙwabta a cinya. Na san za a ce mun yi girman kai, a ce ɗin. A ajiye buta da sabulu a zaure. Ku da za ku je Idi kowa da dardumarsa da takunkuminsa, in kun dawo ku wanke hannu sosai ku sake kaya kafin ku shiga wajenta. Azumin Arfa ranar Alhamis ne, kada ta ɗauka sai likitanta ya yarda, saboda maganin suga yana iya faɗar da ita in ba ta ci ba. Duk wanda ya yi zazzaɓi a gidan a gwada jini tukuna, kada a ce sauro ne kawai a sha magani. In da busasshen tari, ko ya daina jin ƙanshi da ɗanɗano, ya koma ɗakin soro, kwanonsa da butarsa daban. In numfashi ya fara wuya, asibiti a take, ko tsakar dare ne.

Ranar Sallah kada a yanka sai an tabbatar liman ya yanka nasa. Mahauci a biya shi da kuɗi, ba da nama ko fata ba. Kayan ciki a wanke a soya a ranar, su ne ke fara lalacewa. Damina ce, iska da laima, saboda haka in an rataye naman ya kwana, a rataye inda iska ke ratsawa a rufa da mayafi mai shara-shara saboda ƙuda, washegari da sassafe a yanyanka. A tafasa da gishiri da albasa da citta har ruwan ya ƙone, sannan a soya har man ya daina kumfa da ƙara, alamar ruwa ya fita ke nan. A baza a faranti ya huce sarai kafin a zuba a kwalla. In aka rufe shi da ɗumi ko aka ƙulle a leda, zufa zai yi, cikin kwana uku ya yi fumfuna. Kada a riƙa ɗiba da jiƙaƙƙen hannu. Na Inna a ware tun kafin a zuba gishiri, marar kitse, kaɗan kaɗan.

Rabo kuwa, cinya guda ta Goggo ce, a fara da ita. Maƙwabta a ƙulla musu tun a gida, Auta ya miƙa daga bakin ƙofa, kada a tura yara suna shiga gida gida. Gidan almajiran nan na bayanmu kada a manta da su.

Ka turo min hoton ragon kafin ka biya, da hoton haƙoransa. In kuɗin bai kai rago mai kyau ba, ka sayi tunkiya ko ɗan akuya lafiyayye da ya cika shekara, layya ta yi, kada ka ci bashi don idon mutane. Kuma ina sake roƙo, kuɗin kujerar Inna a bar su inda suke. Ranar Sallah bayan la'asar ɗinku zan kira, a sa caji tun da wuri, a kai wa Inna wayar ɗakinta.

Naka,
Baban Abba