A daina sa mara lafiya riƙe fim da yatsa wajen hoton haƙori

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili, abin ya jima yana ci min tuwo a ƙwarya.

Satin da ya wuce na raka ƙanwata wani asibitin haƙori, za a yi mata wankin jijiyar haƙori, aka tura ta ɗakin eksire. Yaron da ke wajen ya cusa mata fim a baki ya ce ta danne da yatsa, ita kuma ga ciwo ga yawu, hannu na rawa, fim ɗin har ya lanƙwashe. Sau uku ana ɗauka, na farko saiwar haƙorin ta fito guntuwa, na biyu ta miƙe zalalau, na ukun ma rabin hoton fari fat saboda bakin injin ya kauce, wai kuma injin ne ya tsufa. Ni aikina ke nan shekara da shekaru, wallahi ba laifin inji ba ne.

Hoton eksire fa inuwa ce kawai. Ka tsaya a rana da azahar inuwarka ta taƙure a ƙafarka, bayan la'asar ta yi tsawo ta fi ka, to haka haƙori yake, in aka karkato injin daga sama da yawa saiwa ta gajarce, in aka kwantar da shi ta yi tsawo, in kuma aka kauce ta gefe sai haƙora su hau kan juna, ruɓar da ke tsakaninsu ta ɓuya. Likita kuma da hoton nan yake kimanta zurfin da zai shiga, ka ga in saiwar ta fito guntuwa sai a bar datti a ƙasa, bayan wata biyu kumburi ya dawo.

Maganin ba tsada. Akwai ɗan mariƙin roba mai zobe da ake cizawa, shi ke tsayar da fim daidai da tsayuwar haƙori, hasken ya sauka a kansu a miƙe. A haɗa da dogon bakin inji mai santimita 40 maimakon na 20, don in hasken ya taso daga nesa hoton ba ya kumbura sosai, gefe-gefensa ya fi fitowa tar. In ganɗar mutum ba zurfi ne mariƙin ya ƙi zama, to nan ne ake komawa tsohuwar dabarar raba kusurwa, wato a jingina fim da haƙori a saita hasken ya sauka a miƙe kan layin da ya raba kusurwar da ke tsakaninsu gida biyu, ita kuma sai gwani.

Ina roƙon masu asibitoci su sayi mariƙin nan su koya wa yaransu, duk maimaicin ɗauka ƙarin hasken eksire ne a jikin mutum, har da yatsan da ya riƙe. Ƙanwata dai wani wajen muka koma, ɗauka ɗaya aka yi.

Naka,
Wani ma'aikacin ɗakin hoto, Kano