Ƙarfen benayenmu da darasin girgizar ƙasar Turkiyya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi tsokaci kan yadda ake ɗaure ƙarfe a manyan benayen da ake ta ginawa a biranenmu. Girgizar ƙasar da ta afka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya ranar 6 ga Fabrairu, 2023, mai ƙarfin maki 7.8, ta hallaka mutum fiye da 50,000, alhali kuwa Turkiyya tana da dokokin gini masu tsauri. Rashin bin su ne ya sa benaye da yawa suka zube hawa a kan hawa.

Kankare yana ɗaukar nauyi sosai, amma da zarar an jijjiga shi gefe da gefe sai ya tsage, shi kuwa ƙarfe mai kyau yakan lanƙwasa kafin ya karye, kuma wannan lanƙwasawar ce ke ba mutanen ciki damar fita da ransu. Saboda haka ne injiniyoyi suke matsa zobban rodi kusa da juna a wurin da ginshiƙi ya haɗu da bim, wato gungumen kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai, suke kuma lanƙwasa bakin kowane zobe zuwa digiri 135 ya shige cikin kankaren, domin wanda aka tsayar a digiri 90 yakan buɗe idan gini ya motsa. Ko ginin da ƙashinsa zallan ƙarfe ne bai tsira ba idan mahaɗarsa ta yi rauni, kamar yadda aka gani a girgizar ƙasar Northridge ta jihar Kalifoniya a 1994, inda walda ta tsattsage a gine-ginen da ake ganin sun fi ƙarfin girgiza, har Amurka ta sake ƙa'idojinta.

Abin da ya fi damuna shi ne benen da ake barin hawansa na ƙasa fili saboda shaguna, ginshiƙai tsirara suna ɗauke da hawa uku ko huɗu. Irin wannan fasali ya ci rayuka a Turkiyya, kuma shi ne yayin kasuwanninmu a yau.

Masu cewa ƙasarmu ba ta motsi su tuna da motsin ƙasar da aka ji a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016 da Mpape a Abuja a 2018. Bene mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas a Nuwamban 2021 kuwa, ba girgizar ƙasa ce ta kayar da shi ba.

Ina kira ga hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, da ta riƙa auna kauri da ƙarfin rodin da ke kasuwa, hukumomin tsara birane kuma su hana zuba kankare a kowane bene har sai injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya, ya duba ɗaurin rodin da idonsa ya sa hannu, tun da bayan an zuba ba mai sake ganin abin da ke ciki.

Naka mai karatu,
daga Zariya